Baba Mailafiya Mai Wankin Likkafani, da Ƙaryar da Na Yi Masa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Muharram 1384, wato 26 ga Mayu 1964, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Mailafiya a ɗakinsa da ke unguwar Hindawiyya a Makka, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Ya bar matarsa Inna Hajo da 'ya'ya biyu, Mukhtaru da Sa'adiya. Ni Lurwanu ɗan Tsoho, magatakarda a ofishin wani muɗawwifi mai kula da alhazai, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma da nauyi biyu na ɗauke ta.

Baba, da ƙafa ka zo garin nan daga Ƙonni, shekara talatin da wani abu da suka wuce, ka yi hajjinka, ka zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama. Sana'arka sananniya ce ga duk wanda ya taɓa zuwa: alhaji ya sayi farin yadi a kasuwa, ya kawo maka, ka jiƙa shi da zamzam, ka shanya a tsakuwar Harami, ka ninke masa ya tafi da shi gida, ya ajiye don ranar da za a naɗe shi a ciki. Hannuwanka sun yi fari fat, sun tsattsage saboda ruwa. Ba ka taɓa yarda wani ya tsallake yadin da ka shanya ba, ko na sarki ne ko na mai ɗaukar kaya. Na sha ganin ka sayi yadi da kanka ka wanke wa tsohuwar da guzurinta ya ƙare, sannan ka ce mata wani alhaji ne ya manta da shi. Muna tsokanarka muna cewa alhazanka sun cika mantuwa, sai ka yi kamar ba ka ji ba.

A hajjin 1380 wani dattijo baƙar fata mai suna Abubakar ya zo daga Afirka ta Kudu, ya kawo maka yadi biyu. Ni na yi muku tafinta, domin yana da ɗan Larabci. Da ka gama ka miƙa masa, ya karɓi ɗaya ya bar ɗaya. Ya ce ɗansa ne ya roƙe shi tun tuni, in ya je Makka ya zo masa da likkafanin zamzam. Kafin tafiyar ta yiwu, ɗan ya fita cikin masu ƙin takardar izinin yawo da gwamnatin Turawan can ta ɗora wa baƙar fata, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka harbe shi ta baya. Uban ya ce ya sayi yadin ne don cika alkawari kawai, mai shi ya riga ya shiga ƙasa.

Sai ka juyo gare ni ka ce: "Lurwanu, ni baƙo ne nan. In askar, ɗan sandan nan, ya tambaye ni iƙama na ɓuya, ɗayyib, ƙasarsu ce. Amma a tambayi mutum takarda cikin ƙasar kakanninai, in babu a harbe shi? Wanga wace irin duniya ce?"

Ka ajiye yadin nan shekara ɗaya da rabi. Sai wata rana a shagon gahawa rediyo ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su yanke ciniki da gwamnatin nan ta wariyar launin fata. Ka tambaye ni ko Majalisar tana sauraren talaka. Na ce ana aika mata takardun koke da sa hannun jama'a. Ka ce kai ba ka iya rubutu ba, mutanenka ma haka, amma kowa yana da babban yatsa. Ka sa na rubuta layi uku da Larabci a saman yadin, cewa mu baƙin Ɗakin Allah ba mu yarda a raba 'yan Adam da launi ba. Na kawo maka tawadar hatimi daga ofis. Daga ranar, duk wanda ya kawo maka wanki, sai ka ba shi labarin ɗan Abubakar da baki da hannu da duk yaren da ka tsinta, ka roƙe shi ya dangwala.

Ka san abin da kake wasa da shi. Tara sunayen mutane a lokacin hajji ba abin da hukuma ke ɗauka da sauƙi ba ne, kuma wanda ba shi da iƙama, hukuncinsa a sa shi jirgin ruwa a mayar da shi ƙasarsu, ya bar mata da 'ya'ya a nan. Inna Hajo ta yi kuka, ta yi fushi, ta kwana uku ba ta yi maka magana ba. Kai kuwa sai ka ninke yadin cikin sauran likkafanai, ka ce ba a yi askar ɗin da zai so laluben kayan matattu ba. Hajji biyu kana wannan aiki. Mutumin Jawa ya dangwala, na Turkiyya ya dangwala, na Bukhara, na Sudan, na Kano. Mutanen Afirka ta Kudu kaɗai ka hana, bayan wani daga cikinsu ya gaya maka cewa 'yan sandansu suna da hoton yatsan kowa. Na ƙirga da kaina: dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya.

Dalilinka na zaɓen likkafani shi ne, a ganinka, babu Musulmin da zai ga yadin da ya sha zamzam ya ƙi karɓa, ko ya jefa shi kwandon shara kamar takarda. A nan ka yi kuskure, Baba, domin ka auna manya da zuciyarka.

Bana ciwo ya kwantar da kai kafin Arfa. A lokacin labari ya cika rediyo cewa ana shari'ar wasu shugabannin baƙar fata a can, kuma ana tsoron a rataye su. Ka kira ni, ka damƙa mini yadin, ka ce in kai wa ɗaya daga cikin manyan wakilan ƙasashe da suka zo hajji, ya wuce da shi Majalisa kafin a yanke hukunci.

Ƙofa uku na je. Na farko bai bari na wuce mai gadi ba. Na biyu ya yi mini alkawarin gobe har ya hau jirgi. Na ukun shi ne ba zan manta ba, domin da kunnena na ji shi a Mina yana la'antar wariyar launi har muryarsa tana rawa, jama'a suna kabbara. Da na warware yadin a gabansa, sai ya ja da baya, ya tattare rigarsa.

Ya ce, "Malam, wannan ai likkafani ne. Ka ɗauke mini shi daga kan tebur. Majalisa takarda take karɓa, bugun tafireta, da Turanci. Wa ma ya ba ku izini? Shi mai wankin, yana da iƙama?"

Ban faɗi sunanka ba. Na ninke na fita, ina jin yana cewa a goge teburin.

To ina tambaya, da babbar murya. Mutum dubu huɗu sun sa yatsa, wasunsu suna kuka, kuma abin da ya dame ku shi ne tafireta? Kuna hawa mumbari kuna zagin Bature don ya hana baƙar fata zama a kujerarsa, alhali tsoho baƙar fata da ke wanke muku likkafani bai isa ya aiko muku saƙo ba? Mu ma na garin nan kada mu yi saurin wanke kanmu. Ba a cika shekara biyu ba da aka hana bauta a ƙasar nan, kuma har makon da ka kwanta akwai masu kiranka "ya abd", wato "kai bawa", a bakin Harami, kai da ka girmi ubanninsu. Abin ya ƙona mini rai, har yau yana ƙona shi.

Amma babban laifin nawa ne. Na dawo na same ka kana numfashi da ƙyar, ka ɗago kai ka ce, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa. Ka ce, "Da hannu biyu?" Na ce da hannu biyu. Ka ce, "Khalas, alhamdulillahi," ka sa Sa'adiya ta kawo mini shayi, na sha. Kwana goma sha tara ka yi bayan haka, kullum kana sa a kunna maka rediyo ko za ka ji an ambaci yadinka.

Inna Hajo, Mukhtaru, Sa'adiya, ku ji daga bakina kafin ku ji daga wani: yadin bai tafi ba, yana cikin akwatina a gidana da ke Ka'akiyya. Har yau ba a yanke wa mutanen can hukunci ba, kuma sauran jiragen alhazai ba su gama tashi daga Jidda ba. Jibi zan sauka can da shi. Na daina neman manya. Zan tsaya a bakin tasha in warware shi a fili, in nemi talaka ɗaya mai zuwa ƙasar da ke da gidan waya da 'yancin aikawa. In an kama ni, ni ina da iƙama, kuma sunan Baba ba zai fita daga bakina ba.

Allah ya jiƙanka, Baba Mailafiya. Allah ya wanke ka daga zunubi, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da ɗan Abubakar a inda ba a tambayar kowa takarda. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke tsaye gaban alƙalan zalunci, ya karya gwamnatin da ta raba bayinSa da launi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hajo da 'ya'yanta, da 'yan'uwansa na Ƙonni, da jama'ar Hindawiyya baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri. Ku kuma, don Allah, ku yafe mini a madadinsa, domin shi ya tafi yana sa mini albarka a kan abin da ban yi ba.