Kawu Sale da Turancin tsakar gidanmu

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Na zauna rubuta wannan da zaton kuka zan yi, sai ga ni ina ta dariya ni kaɗai.

Kawu bai wuce firamare ba, amma ban taɓa ganin mai son tono asalin kalma kamarsa ba. Abokin wannan harka tasa wani tela ne ɗan Ibo a Sabon Gari, Mista Obinna, mai wani tsohon ƙamus da bangonsa ya ɓalle. Ranar da Obinna ya nuna masa cewa kanti daga canteen aka samo shi, Kawu ya yi musu har la'asar. Da ya gamsu kuwa, ba wanda ya huta a layinsu. Mace ta zo sayen leshi, sai ta tafi da tarihin sunan leshin kyauta.

Ina aji uku a sakandare na faɗi jarrabawar Turanci, na ce ni da makaranta har abada, Inna ma ta fara sakkowa. Kawu ya zo gidanmu a Rijiyar Lemo, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in kira masa sunan duk abin da na gani a tsakar gida. Na ce bokiti, kofi, tebur, famfo, kyandir.

"Duk na Turawa ne fa," in ji shi, yana tafi. "Tun kina rarrafe kike Turanci, wa ya ce miki ba ki iya ba?"

Washegari na koma aji. Yau Turancin nake koyarwa a Fagge.

Kullum na ji ɗalibaina suna zancen caji da data da fulashin, wani ya sha gaye, wasu sun tafi cilin, sai in ce ina ma Kawu. Na san ba zai yi ƙorafin harshe ya lalace ba. Kulle shago zai yi, ya bi matasan nan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ji inda kowace kalma ta kwana kafin ta iso Kano.

Bai bar gida ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bar mana shi ne, a danginmu babu mai jin tsoron baƙuwar kalma. Makon jiya wuta ta lalace a unguwarmu, Inna da furfurarta ta buga mini waya ina tsakiyar darasi. Ba labarin wutar ta kira ta ba ni ba, so take in gaya mata daga ina taransifoma ta samo suna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.