Kafin Sabis Ya Ɗauke

Yayana mai gyaran keke ne. Shagonsa ne na ƙarshe a garinmu; daga shi sai gidan mai, daga nan kwalta ta miƙe ta shige hamada. Duk wanda zai ƙetare hamadar nan a kan keke, kuma za ka yi mamakin yawan masu wannan hauka, sai ya tsaya wurinsa. Sukan iso fuska a ƙone, tanti a ɗaure bisa kariyar bayan keke, jarkokin ruwa hagu da dama. Yaya ya duba taya, ya ɗaure birki, ya wanke sarƙa, sannan ya yago kwali ya zana musu hanya: ga rijiyar da ruwanta ke da gishiri, ga inda yashi ke cinye kwalta sai an sauka an tura, ga dutsen da ake kafa tanti a bayansa saboda iska. Shi ya sa duk garin ake kiransa Taswira.

Abin da matafiyan ba su sani ba, shi kansa bai taɓa shiga ba. A bakin masu dawowa ya tsinci komai. Yakan ba su shayi ya yi ta ƙwaƙularsu da tambaya har su gaji.

Baba ne dalili. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Yana kwance a ɗakin da ke bayan shagon, mai taga ɗaya, kuma duk bayan awa biyu sai an juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Mu biyu aka haifa. Ni aure ya kai ni nesa, matar Yaya kuwa ta yi haƙurin shekara uku ta kama gabanta, kuma ban ga laifinta ba. Saboda haka ko yana tsakiyar facin taya, in lokaci ya yi sai ya ajiye, ya wanke hannu ya shige ciki.

Amma fa yana da kekensa. Daga tarkacen da matafiya suka bari ya harhaɗa shi, sirdin wannan, fedar wancan, har da wani tanti kore da aka ba shi kyauta. Yakan kafa shi a tsakar gida wai don ya sha iska, ya shiga ya zauna. In na zo ganin gida na tarar da shi ciki nakan tambaye shi ya hanya, an iso lafiya? Dariya kawai yake yi. Ni bakina ba ya shiru, kowa ya sani.

Bara gwiwarsa ta fara kumburi. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in yana da wata doguwar tafiya a ransa, ya yi ta bana. A daidai lokacin wasu dattawa biyu, tsofaffin malaman makaranta da suka saba tsayawa wurinsa, suka ce ya bi su: kwana shida zuwa garin da ke ɗaya gefen, ya dawo a mota. Ya kira ni. Tunda nake bai taɓa roƙona komai ba. Na ce kwana shida kawai? Ko wata ne ya tafi, ai ni ma ubana ne.

Kwana biyu ya yi yana koya mini: yadda ake tura hannu ƙarƙashin kafaɗa, inda ake sa matashi, yadda ake ba shi abinci. Kunne ɗaya na ba shi. Na ce na haifi huɗu na raine su, ba a kan cokali za a yi mini darasi ba. Bai ja da ni ba, sai ya rubuta komai a kwali ya manna a bango. Ya kuma gaya mini akwai wani tudu da sabis ke ɗaukewa da an wuce shi, kuma wajen ƙarfe ɗaya za su kai. Daga nan sai bayan kwana uku waya za ta sake shiga.

Da sassafe suka tafi. Na ga ya hau yana murmushi kamar wanda aka saya wa sabon takalmi.

Ƙarfe goma na juya Baba ni kaɗai, sai da bayana ya amsa. Na tarar ya ɓata shimfiɗa. Na gyara ina ɗauke numfashi, ɗakin ya yi mini ƙunci, agogon bango sai ƙara yake yi. Sha biyu na kawo abinci. Cokalin farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu ya sarƙe shi, ya kama tari, idanunsa suka yi ja, yana ta kallon ƙofa. Na bubbuga bayansa tarin ya lafa. Na sake gwadawa, ya damƙe baki.

Na dubi agogo, ɗaya saura ashirin da biyar.

Gaskiya ɗaya ce, kuma na gaji da ɓoye ta. Na ji tsoro saboda Baba, ƙwarai. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne nan da 'yan mintuna ni da ɗakin nan ne, kwana shida, ukun farko babu wanda zan kira. Kwalin yana bango daidai kaina, ban ko ɗaga ido ba. Na ɗauki waya.

Ya amsa yana haki, iska na kaɗawa a bayan muryarsa.

"Yaya, Baba ba ya iya haɗiya."

"Ta wane gefe kika sa masa cokalin?"

Na ji tambayar sarai. Kuka na fashe da shi na ce ya dai zo, na kashe wayar.

Bayan la'asar ya iso, yana turo keken, yana jan ƙafa. Ya wanke hannu, ya tallafo Baba ya zaunar da shi sosai, ya karkata kansa hagu, ya sa cokalin ta gefen da ke da rai. Baba ya cinye tas. Sai a lokacin na dubi kwalin da ke bango, ga bayanin nan a layi na uku, har ya ja masa layi a ƙasa. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma ko kallon kwalin bai yi ba.

Na bi shi tsakar gida. Gwiwar ta kumbura har wandon ya ɗame. Na ce wallahi yanzu na gane, ya huta gobe ya koma, ba zan sake kira ba.

"Sun yi nisa, Auta," ya ce. "Ba a shiga hamada mutum ɗaya."

Na tsaya ina kallonsa yana kwance jarkokin ɗaya bayan ɗaya, yana juye ruwan a randa.