Wutsiyar Waƙafin Malam Ctibor

Shekara talatin da ɗaya Malam Ctibor Mrazek ya yi yana koyar da lissafi a sakandaren garin Jihlava, kullum cikin kwat ɗaya mai ruwan toka. Da la'asar kuwa yakan zauna a kicin yana binciken lambobi a wani littafi da wansa ya aiko masa a ɓoye daga Ingila, inda wan ya gudu a 1948. A wancan zamani na mulkin kwaminisanci, wanda aka kama da irin wannan littafin na ƙetare, ramin haƙar ma'adinai ake kai shi.

Mu a nan Jihlava waƙafi muke sawa tsakanin cikakkiyar lamba da gutsurenta. Mutanen Ingila ɗigo suke sawa. Yau da gobe, hannun malam ya koyi ɗigo bai sani ba.

Wata Talata a 1952 sufeton makarantu, Kwamared Vondra, ya zauna a bayan aji. Malam ya rubuta 3.14 a allo. Sai da ya juyo ya ga abin da ya yi. In ya goge, idon sufeto zai kai wurin. In ya bari, ga ɗigon ɓaro-ɓaro. Minti ashirin ya ƙara yana koyarwa.

Da aka tashi, sufeto ya tako har gaban allo.

"Kwamared malam, waƙafinka akuya ta cinye masa wutsiya ne?"

"Allin ne ya karye, ranka ya daɗe."

"Kwamared ake cewa." Ya ɗauki allin, ya jujjuya shi, lafiyarsa ƙalau. Ya ja wa ɗigon wutsiya da kansa. "Wanda zai zo bayana ya fi ni ido."

Malam ya isa gida, ya cusa littafin a murhu. Matarsa Blazena ta ce, "Kai tsoho, miyar tawa za ka ƙona ko gidan?"

"Bar shi ya ci."

Wata uku yana jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Ba wanda ya zo. Aikinsa ya tsira, amma bai sake taɓa bincikensa ba, bai kuma amsa wasiƙar wansa ba. Har ya yi ritaya, waƙafinsa a allo ya kai tsawon yatsa. Ɗalibai suka sa masa suna Mai Wutsiya, su yi ta dariya, shi kuwa bai taɓa gaya musu dalili ba.