Rautar Na-Kowa

Mijin Yayata mai gyaran keken ɗinki ne, amma in ka tambayi sunansa a unguwa sai an tsaya tunani, don kowa Na-Kowa yake ce masa. Allah bai halicce shi da kalmar a'a a baki ba. Ka ari sukundirebansa, zai haɗa maka da filaya, ya kuma raka ka bakin titi yana ba ka haƙuri wai sun ɗan yi tsatsa.

Aikinsa na yawo ne. Yau yana wancan gari cikin shagon teloli, gobe yana wani ɗakin haya mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya. Ganin haka 'yarsu tilo, wadda aure ya kai ƙasa mai nisa, ta aiko masa da rauta, 'yar na'ura kamar sabulun wanka. Ka sa mata layi, ta kamo sabis ta raba wa wayoyin da ke kusa. Ita ta saita masa komai har lambar sirri, ta kuma ja masa kunne kada ya ba kowa.

Ai kuwa kamar ta ce ya yi shela. Bawan Allah ya ɗinka wa rautar 'yar jaka da ragowar yadi, yana rataye ta a wuya. A motar haya fasinjan baya ma ya san lambar. A masauki har mai gadi. Shi kuma ya zauna yana jiran hoton wani ƙarfen keke ya buɗe a wayarsa, abin yana ta juyi, yana murmushi wai jama'a rahama ce. Ni dai na sha gaya masa wannan ba kirki ba ne, ciwo ne, sai ya yi dariya ya ce in kawo tawa wayar ma.

Ana haka aka ce za a yi wa Yaya aiki a wani babban asibiti, nesa da gida. Ni da Na-Kowa muka bi ta jinya. Ginin mai kaurin bango ne, waya ba ta kama komai a ɗakin sai ka manna da taga, amma rautar, in an ɗora ta a kan tagar, tana jawo sabis ta watsa har gadon ƙarshe. Kafin mu gama shimfiɗa zanin gado, lambar ta zaga ɗaki. Wata mai karaya tana kallon fim, 'yan jinya suna sauraren waƙa, har wata nas na gani tana raɓewa da bango tana latse-latse.

Yaya ba matsoraciya ba ce, amma wannan aiki ya tsorata ta ƙwarai. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga fuskar 'yarta kafin a sa ta barci. Da safen da aka zo da gadon turawa, muka kira. Hoton ya fito ya daskare, rabin goshi da ido ɗaya, murya tana zuwa guntu-guntu. Muka sake, haka dai. Nas ta ce likita yana jira. Yaya ta riƙe ƙarfen gado, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta.

Na juya kan Na-Kowa raina a ɓace, na ce ya canza lambar yanzun nan. Ashe bai ma san yadda ake yi ba. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana murza hularsa, ya yi sallama kamar mai neman aron gishiri, ya fara da tambayar kowa ya jiki. Na ce yau mun shiga uku. Can sai ya ce:

"Don Allah ku yi haƙuri ku sauka daga kan rautar. Yau ɗaya dai, abin nan na matata ne."

Mai karaya ce ta fara kife wayarta a kan filo, ta kuma daka wa sauran tsawa, kowa ya ajiye tasa. Da muka sake kira, sai ga yarinyar tar, har ɗan kunnenta ana gani. Yaya ta share ido, ta fara yi mata faɗa wai ta rame.

Nas ta ce dole a tafi, aka fara tura gado. Na-Kowa ya cafke rautar, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya bi ta gefen tagogi yana sassarfa, silifas ɗinsa ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Uwa da 'ya suna ta magana har ƙofar tiyata. Nan Yaya ta miƙo min wayar, aka shige da ita, ƙofa ta rufe.

Yarinyar ta ce in juya mata wayar ta ga babanta. Yana tsaye yana kallon ƙofa, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannuwansa a sama riƙe da rautar.

"Baba, na gan ta, ta gan ni," in ji ta. "Sauke hannunka haka nan."

Bai sauke ba, sai da na kama gwiwar hannunsa na jawo ta ƙasa da kaina.