Hoton Baba a Kwata

Hoto ɗaya tak ya rage mana na Baba: yana tsaye a kwatar Garwa, wuƙa a hannu, sauran mahauta suna dariya a bayansa. Da na fara rubuta tarihin mahautan garinmu a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke sa hannu, sai na ɗauki hoton da wayata na ɗora, na ce aikina ne. Ai ni na ɗauka, ko?

Wata mai kula da shafin ta goge shi. Ta bayyana mini cewa haƙƙin hoto na wanda ya danna kyamara ne tun farko, ba na mai ajiye shi a akwati ba. Sai dai in kawo izininsa ko na magadansa.

Ina zan same shi? Hatimin mai ɗaukar hoton da ke bayansa ruwa ya cinye shi. Na bi tsofaffin mahauta har suka gaji da ni. Wani ya ce mai ɗaukar hoton mutumin garin Pitowa ne. Na hau mota na je, aka ce ya rasu tuntuni, 'ya'yansa sun watse Cadi. Na koma ga mai kula da shafin na roƙe ta, na yi masifa, na sake roƙo. Ta ce ta tausaya mini, amma doka ce.

Hoton kullum ƙara dusashewa yake. Mutumin da ko sunan Baba bai sani ba shi ke da iko da fuskarsa, ni da na wanke gawarsa ba ni da shi.