Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa da Kwamfuta Biyu

Ƙanƙara

Na tashi tun kafin kiran asuba, ko da yake na san babu direban da zai tayar da mota sai rana ta ɗaga. A hanyarmu an daina sammako saboda masu garkuwa da mutane. Ana jira ne motocin farko su iso daga Sheme, a ji abin da suka gani. Na zauna a kan tabarma na sake duba cajin kwamfutocin biyu, duk da na duba kafin in kwanta.

Gara in faɗi dalilin tafiyar. Wani kamfanin sayen hatsi ne ya ɗauke ni aiki bayan na daɗe a gida da kwalin digiri. Zan riƙa zagaya kasuwannin yankinmu ina aika musu farashin masara da waken suya. Sharaɗinsu shi ne in zo da kwamfutata. Sharaɗin Inna, mahaifiyata, ya fi nasu tsauri. Ta ce a wannan zamani duk wanda aka gani da jakar kwamfuta a mota an riga an yi masa kuɗi, kuma ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba, balle wanda zai buga wa waya in ya sauka. Ta ce in bi ƙanenta Kawu Sale, wanda ke fataucin hatsi, zuwa Sabuwa sau ɗaya. In ya dawo ya shaida mata ba a gane abin da nake ɗauke da shi ba, in karɓi aikin. In ba haka ba, in haƙura.

Kwamfutocin ba nawa ba ne. Wani abokina mai shagon gyaran waya ya ba ni su in gwada, in riƙe ɗaya in mayar masa da ɗaya. Ta farko mai ruwan azurfa ce, siririya, fuskarta da faɗi, tana da sauri, kuma da jakar goyonta ta zo. Ta biyu baƙa ce, 'yar ƙarama, ta hannu, bayanta duk ƙarzuwa. Ba ta da sauri, amma batirinta yana daɗewa, ana kuma iya yi mata caji da fawa-banki. A takarda dai, a ganina, mai azurfar ce gaba, ko da yake ba zan ce na ƙware a harkar ba.

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta miƙo mini koko ta ce, "Kai, abin da kawunka ya ce shi za ka yi." Na ce to. Na sa kwamfutocin biyu a jakar na goya.

Muna shiga tasha ɗan kamasho ya taho da sauri. "Yallaɓai, ga kujerar gaba, kai take jira."

Kawu ya dube shi, ya dube ni. Sai da muka matsa gefe ya ce, "An ci ka ɗaya, ɗan boko, ko mota ba mu shiga ba."

Muka zauna a baya. Motar ta cika da hantsi, muka tashi.

Ruwan Godiya

Hanyar ba ta da laifi sosai, sai ramuka nan da can. Masara ta bushe a gonaki, wasu an karye, wasu kuma da alama ba a noma su ba bana.

Kafin mu shiga Ruwan Godiya muka tarar da shingen 'yan sa-kai. Suka gaisa da direba, suka leƙa cikin mota. Ba su taɓa kayan kowa ba sai nawa. Ɗaya daga cikinsu, cikin ladabi, ya ce in buɗe jakar. Na buɗe. Murfin mai azurfar ya ɗauki rana, duk motar ta juyo.

"Malam ma'aikaci ne?"

Na ce, "E to, kusan haka, amma ba a gama tabbatarwa ba tukuna."

Kawu ya rufe ido. Mutumin ya ce Allah ya tsare, ya ɗaga mana hannu. Da muka wuce, wani fasinja da ban sani ba ya tambaye ni nawa ake sayar da irinta. Na ce ta aro ce. Ya ce ai ko ta aro tana da kuɗi. Mai yiwuwa tambaya ce kawai irin ta hira, kuma na fi zaton haka, amma har muka isa Sheme ban saki jiki ba.

Sheme

Mun sauka kafin azahar. Kawu ya ja ni shagon abokinsa Alhaji Buhari, wanda ke ajiye hatsi a bakin titi. Aka kawo mana waina da miyar taushe, muka ci a ciki, tsakanin buhuna. Da muka wanke hannu Kawu ya ce in fito da su duka biyu.

"Nan za ka zaɓa," in ji shi. "Jakar ga ba ta ƙara bina."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani cewa mai azurfar ta fi sauri wajen buɗe manyan takardu, kuma fuskarta ba ta gajiyar da ido.

"Saurin mi? Masarar ce za ta gudu?"

Alhaji Buhari ya yi dariya, ya ce in bar kawuna, shi ko wayarsa sai an danna masa. Amma ya goyi bayansa. Aka kulle mai azurfar da jakarta a akwatin ƙarfen Alhaji. Baƙar kuwa na naɗe ta a rigar da na zo da ita ta canji, aka cusa ta tsakiyar buhunan da Kawu ya ninke zai auna hatsi, aka zuba duka a wani tsohon buhun taki aka ɗaure bakin. Kawu ya ba ni wata rigarsa da ta sha jiki ya ce in ɗora a kan tawa, in kuma cire agogo. Ya soke mini basillar ɗinkin buhu a aljihun gaba.

Na duba kaina a gilashin wata mota.

Hanyar Ɗandume

A nan ne aka yi abin da ban lissafa ba. Na ɗauka zan riƙe buhun a cinyata. Muna isa wajen motar yaron mota ya fizge shi daga kafaɗata, kamar yadda yake yi wa kowane buhu, ya wurga shi cikin but, wurin kaya a bayan motar. Ya ɗora buhun albasa a kai, ya ƙara wani na gawayi, ya hau ya danna da gwiwa don but ɗin ya rufu.

Na buɗe baki. Kawu ya taka mini ƙafa. Na fahimci dalilinsa: ba mai tayar da hankali saboda buhunan wofi, kuma in na yi magana an gane. Na shiga na zauna.

Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a ƙirjina. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa abokina, da kuma abin da zan yi aikin da shi in ta mutu. Bayan mun wuce Daudawa wani dattijo mai carbi da ke kusa da Kawu ya nuna ni da haɓa.

"Alhaji, wanga ɗanka ne?"

"Yaron shagona ne," in ji Kawu. "Ɗinkin buhu yake mini. Bai cika wayo ba, amma akwai amana."

"Ai amanar ita ce wuya," in ji dattijon. Ya miƙo mini goro, ya ce in riƙe ubangidana da kyau.

Na karɓa na yi godiya. Zan faɗi gaskiya, maganar ta dame ni fiye da yadda na zata, har na ɗan manta da abin da ke cikin but. Na tuna ranar da aka ba mu kwali, Kawun nan ne ya yi hayar mota ya kawo 'yan gidanmu. Mun wuce shinge biyu bayan haka, ɗaya na sojoji ɗaya na 'yan sa-kai. Ba wanda ya dube ni sau biyu.

A Ɗandume muka canja mota. Wannan karon na riga yaron motar, na cusa buhun a ƙarƙashin ƙafata. Ban iya buɗewa ba saboda mutane, sai dai na latsa ta waje ina neman jin ko wani abu ya karye. Ba a gane komai ta haka.

Sabuwa

Mun iso bayan la'asar, muka sauka a gidan Malam Idi, mai masaukin Kawu. Sai da aka gama gaishe-gaishe, aka kawo ruwa da fura, aka bar mu a ɗakin baƙi, sannan na tura ƙofa na kwance buhun. Kusurwa ɗaya ta murfin ta tsage. Na danna maɓallin. Ta ɗan yi jim, kamar yadda ta saba, sannan ta kawo haske.

"Ta tashi?" in ji Kawu.

"Ta tashi."

"To ka ga. Da waccan 'yar gayun ce da yanzu muna ta'aziyya."

Ba zan iya tabbatar da haka ba, tunda ba a gwada ba. Ba zan kuma ce duk irin wannan baƙar za ta jure buhun albasa ba. Abin da na gani kawai nake faɗa.

Washegari kasuwa ta ci. Na bi Kawu a baya ina riƙe da buhuna, ina sauraron ciniki, ina ajiye farashin a ka. Na lura masu hatsi ba sa rage murya a gabana. Da rana na koma masauki na shigar da abin da na ji. Babu wutar lantarki a unguwar, Malam Idi ya ce zai tayar mini da janareta, na ce ya bari, fawa-banki ya isa. Ya kuwa isa, har da saura. Aibinta dai yana nan: maɓallan a matse suke, na yi ta kuskure, idona kuma ya yi zafi kafin in gama. Na haɗa ta da wayata na aika wa kamfanin a matsayin gwaji. Saƙon ya tafi a karo na uku.

Tuwon masara da miyar kuɓewa muka ci da dare. Mun kwana biyu ke nan, saboda ba a kama hanya da yamma.

Komawa

Da hantsi muka juyo ta hanyar da muka zo. Ba abin da ya faru. A Sheme na ce ba zan sa mai azurfar a buhu ba, kuma ba zan goya ta ba. Alhaji Buhari ya ce zai taho da ita da kansa in zai shigo Ƙanƙara.

Mun tarar da Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta amsa sallama, ta bari muka sha ruwa, sannan ta dubi Kawu.

"Yaya," in ji shi, "daga Sheme har Sabuwa, har muka dawo, yaron shago aka ɗauke shi. Har goro an ba shi."

Na jira ya faɗi na farkon tafiyar. Bai faɗa ba. Na ga in na yi shiru, yardar da za ta bayar ba a kan gaskiya za ta tsaya ba, kuma ni ne zan riƙa bin hanyar. Na gaya mata na tasha, da na Ruwan Godiya, da mutumin da ya tambayi kuɗin kwamfutar. Kawu ya ce, "Kin ji ba? Na ce bai cika wayo ba."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na tasha tun ranar aka zo aka gaya mini." Ta ci gaba da tsintar har na fara cire rai. Can ta ce, "Wacce za ka riƙe?"

"Ƙaramar."

"A buhu?"

"A buhu."

"To, ka ce musu ka karɓa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu Sale, da Alhaji Buhari, da Malam Idi da iyalinsa da suka ɗauki nauyinmu. Wanda ke zaune a ofis mai wuta, ina jin mai faɗin fuskar za ta fi masa, kuma ban daina sonta ba. Da na je shagon abokina ya ga tsagewar, ya ce kada in ji dole, zai iya gyarawa ya sayar, in ɗauki mai kyan. Na ce masa ya bar mini wannan, ita ce aka yarda in fita da ita.