Mai Fikafikai Marar Baki

Daminar da na gama jami'a aka tura ni Hammadu Kafi jinyar kakata. Dada muke ce mata. Kwana biyar ke nan ta ƙi abinci, aikina kuwa shi ne in sa ta ci.

A da zaren tsamiya take kaɗawa. Mutanen ƙauye su kawo mata gidajen tsutsa, ta dafa su da ruwan toka, ta kaɗa, masu ɗinkin babbar riga na Tudun Wada su zo su ɗauka. Wata tsohuwa ba ta san ta daina ba, ta aiko da ƙunshi guda na gidajen tsutsar. Na rataye shi a taga na manta.

Wata safiya na tarar da wani abu ya fito daga ciki, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Ya shimfiɗa fikafikai ruwan ƙasa, kowanne da ɗan wuri garau kamar gilashi. Gashin kansa kamar ƙaramin gashin tsuntsu.

Na daɗe ina kwatanta shi da malam-buɗe-littafin da ke zuwa lemon tsakar gida, baƙi mai ɗigon rawaya. Wancan siriri ne, yana sauka ya haɗe fikafikansa sama, ya zura dogon baki a fure, ya yi gaba. Wannan ko motsi. Ban ji sha'awarsa ba, ban ji tausayinsa ba. Na dai jiƙa auduga da ruwan sukari na ajiye masa.

"'Yar boko, me kike ba shi?" in ji Dada daga kan gado.

"Ruwan sukari, Dada."

"Da wane bakin zai sha? Duba da kyau. Duk digirin nan ba a koya muku ba? Irin waɗannan sun gama cinsu tun suna tsutsa."

Na duba. Babu baki.

"To yunwa fa?"

"Wa ya ce miki yana ji?"

Kofin kununta yana hannuna, ya fara hucewa. Na kai cokali bakinta kamar kullum. Ba ta kau da kai ba, kallona kawai ta yi. Na mayar da cokalin.

Da azahar Mama ta kira daga wurin aiki, ta tambaya ko ta ci. Na ce a'a, kuma ba zan ƙara matsa mata ba. Mama ta yi ta faɗa, na riƙe wayar har ta gama.

Kwana huɗun da suka biyo baya ruwa kaɗai nake ɗiga mata a leɓe idan ta nema. Takan ce in zauna kusa, in zauna. Rana ta biyar da hantsi ta cika. Na rufe mata ido, na fita na gaya wa maƙwabciya.